Rage Ƙyallin Allon Kwamfuta a Ɗakunanmu na Nima

Allon kwamfutar tafi-da-gidanka mai sheƙi yana fito da launuka sarai, amma santsinsa yana mayar da haske kamar madubi, shi ya sa da hantsi mutum yake ganin taga da fuskarsa maimakon rubutu. Abin da ya fi yi mini amfani a ɗakina na unguwar Nima da ke Accra shi ne juya tebur, ta yadda taga za ta kasance a gefena, ba a bayana ko a gabana ba, sannan in ɗan sunkuyar da allon har inuwar ƙwan fitila ta ɓace.

Tufafi ma suna da tasiri, domin farar jallabiya tana bayyana a allo fiye da riga mai duhu. Haka kuma baƙin shafi ya fi farin shafi nuna ƙyalli, don haka da rana nake komawa fari. Ƙara hasken allo yana taimakawa, sai dai yana shan batir, abin dubawa idan an ɗauke wuta.

Masu kayan kwamfuta a yankin Circle da ke Accra suna sayar da ledar allo marar sheƙi wadda take warwatsa haske, kodayake tana ɗan dusashe rubutu. Kafin a manna ta, a goge ƙura da kyalle mai laushi, musamman lokacin hunturu, in ba haka ba kumfar iska za ta maƙale a ƙarƙashinta.