Tauraro Da Gidan Dara A Harshen Lojban

Sana'ata buga kundin ɗalibai ce a wani ɗan shago a Samaru, kullum ina cikin aya da waƙafi, kuma ta wannan ƙofar Lojban ya shiga raina. Ƙirƙirarren harshe ne da wata ƙungiya a Amurka ta fara ginawa a 1987, a kan harsashin Loglan wanda James Cooke Brown ya soma tun 1955.

Ƙa'idarsu ita ce duk abin da aka rubuta dole ya fito a baki. Shi ya sa ba su dogara da alamar tambaya ba, kalmomi irin su "xu" ne ke tambaya. ".i" ke raba jimla da jimla, "ni'o" ke buɗe sabon batu, maganar wani kuma a sa ta tsakanin "lu" da "li'u". Ɗigon da ya rage musu ba ƙarshen zance yake nunawa ba, ɗan tsaiko ne, irin wanda maƙogwaro ke yi a tsakiyar "sa'a". Sunansa "denpa bu". "Denpa" jira ne, "bu" kuwa tana mai da kalmar da ke gabanta sunan harafi. Waƙafi "slaka bu" ne, don gaɓa yake rabawa. Har fuskar murmushi sun raɗa mata ".uibu", daga kalmar nuna farin ciki. Wallahi tsarin ya burge ni, kowace alama da sunan aikinta.

Inda nake ja da shi, wajen alamomin da aikinsu ya fi ɗaya ne. Ɗauki *. A kwamfuta sau ne a lissafi, a littafi yana tura ka bayanin ƙasan shafi, a waya kuma da shi ake fara lambar duba kuɗi. Wanne daga ciki za a ɗora wa sunan? Haka #, yau rufe lambar duba kuɗi a waya, gobe kan maudu'i a Facebook. Akwai wani dattijo daga Tudun Wada da nake taya tura kuɗi, in mun zo ƙarshe sai ya ce, "Yaro, danna gidan daran nan." Ban taɓa tambayarsa me yake nufi ba, yatsana ke zuwa da kansa.

Malaman allo sun daɗe da gane wannan. Ha ƙarami, ha mai ruwa, jim ƙarami koma baya, ha kuri: yaro bai san nahawu ba tukuna, amma idonsa na ganin ruwan a saman harafin, ba zai ɓata ba. A boko ma muna cewa ruwa biyu da baka biyu, kuma duk ɗalibin da na ce wa "sa baka biyu a nan" ya san inda zai kai hannu.

Don haka ni a ganina a bar wa ɗigo da waƙafi sunayensu na aiki, tunda a Lojban aiki ɗaya kowannensu ke yi. Baƙin alamomin da ke kan allon kwamfuta kuwa a kira su da kamanninsu. Da za a ji ta tawa, * ya zama "tarci bu" daga kalmar tauraro, / kuma "salpo bu" daga karkata, ta yadda mai karanta adireshin intanet a waya da mai rubutawa za su tsaya a kan alama ɗaya.