Zagayen tsibiran Galapagos a jirgin ruwa

Jama'a duk mai niyyar zuwa Galapagos ya san cewa a can dabbobi ne masu gida, kai baƙo ne kawai. Tsibiran na ƙasar Ekwado ne, kusan kilomita 1,000 daga gaɓar teku, tun 1959 gwamnati ta killace su, shi ya sa tun kafin ka hau jirgin sama ake caje jakarka kar ka shigo da iri ko 'ya'yan itace, muna sauka a filin jirgin tsibirin Baltra kuma kowane baƙo ya biya dala 200 kuɗin shiga.

Jirginmu na ruwa ƙarami ne mai cin mutum 16, da dare yake tafiya, gari na wayewa sai ka gan ka gaban wani tsibirin daban. To daren nan fa shi ne aikin, igiyar ruwa ta dinga wujijjiga mu har kofin shayi sai da hannu biyu. Maganin jiri tun kafin a tashi ake sha, in zuciya ta riga ta fara tashi an makara, kuma ɗakin ƙasa ya fi na sama dama-dama duk da ƙarar inji.

Da safe a kwashe mu a ɗan kwale-kwalen da suke ce wa panga, wani wurin cikin ruwa za ka dira har gwiwa, don haka waya da kyamara a ƙulle su cikin leda.

Abin da ya fi ɗaure min kai, dabbobin nan ko gezau ba sa yi. Doka ta ce ka bar mita 2 tsakaninka da su, amma zakin teku zai zo ya miƙe a tsakiyar hanya yana minshari, ɗan jagora ya ce ku zagaye shi. A tsibirin Fernandina baƙaƙen ƙadangarun ruwa ne jibge kan duwatsu suna shan hantsi, na tsuguna ina kallon wani sai ya yi atishawa fit, ashe gishirin da ya haɗiya wajen cin gansakuka a teku yake fitarwa, har ya bushe fari fat a kansa. Ga fengwin kuma, tsuntsayen nan masu son sanyi, a wuri mai zafi haka, ruwan sanyi da ke kwararowa wajen ne ke riƙe su.

Ba mai taka wuraren da aka killace ba tare da jagora mai lasisi ba, ba a kunna filashin kyamara, ko ɓawon katantanwa ba a ɗauka, kuma ran tafiya ma sai an sake duba kaya a filin jirgi.