Talata, ranar kai takarda

Jadawalin jarrabawa ya fito jiya da yamma. Hajjo ce ta ɗauko min hotonsa daga allon sanarwa, na yi ta jan sa a waya har harufan suka yi girman da zan iya karantawa. Litinin ta sama za mu fara. Shi ya sa yau da sassafe, kafin rana ta buɗe, na ɗauki fayil ɗina da lema na nufi sashe. Buƙatuna dai su ne na kowane zango: a buga min tambayoyi da manyan haruffa, a ƙara min lokaci, a zaunar da ni nesa da taga. Na haɗa da takardar Sani, shi a keken guragu yake, tunda ofishin a saman bene yake.

Malamin da ya san ni ya tafi ƙaro karatu, sabon jami'in jarrabawa na tarar. Na yi sallama, na gaishe shi, na miƙa masa takardata. Ya karanta, ya ɗago ya dube ni.

"Amma ai na ga ke kaɗai kika shigo, ba sanda ba ɗan jagora."

Na ce, "Malam, ina ganin ƙofa, ina ganin kujera, kai ma ina ganinka a zaune. Rubutun takardar jarrabawa ne ba na gani sai na kai shi kan hancina."

"To ki sa tabarau mana."

"Ga shi nan a fuskata, Malam."

Sai na shiga karanto masa bayanin da na haddace tun ina firamare. Cewa zabiya ba a fata da gashi kawai launin ya yi mata ƙaranci ba, har cikin ido. Idanuna rawa suke yi da kansu, layin rubutu ya tsere min, sai na dawo na laluɓo inda na tsaya. Haske idan ya daki farar takarda, shi ke nan, hawaye ne. Tabarau ragewa yake yi, ba ya warkarwa. Kafin in gama karanta tambayoyi, na kusa da ni ya cika shafi. Ya saurara, gaskiya, bai katse ni ba. Daga nan ya juya takardar likita ya sa yatsa a kan kwanan wata.

"Wannan ta bara ce. Sabuwa za ki kawo."

Na ce, "Malam, da abin aka haife ni, tsakanin bara da bana babu abin da ya canja." Ya yi dariya, ya ce ƙa'ida ce, kuma ɗalibai ba abin da ba sa ƙirƙirowa idan jarrabawa ta matso. Ni dai ban san yadda ake ƙirƙiro wannan fatar ba. Da zan fito ya ce, "Kar ki damu 'yata, za mu duba mu ga yadda za a taimaka miki, saboda Allah." Na ce na gode, Allah ya saka da alheri.

Wannan maganar ce ta bi ni har ɗaki. Mutumin ba mugu ba ne, da zuciya ɗaya ya faɗa. Amma ke nan jarrabawata tana rataye da halin wanda na tarar a kujera. Wancan yana da kirki, na samu tambayoyina a babbar takarda A3. Wannan ma da alama yana da kirki, wataƙila in samu. Ranar da na haɗu da marar kirki fa? Tun watan Janairun 2019 Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, har hukuma aka kafa mana a 2020. JAMB ma tun 2017 ta ware kwamiti da cibiyoyi na musamman, Kano na ciki, don makafi da irinmu su rubuta jarrabawa yadda za su iya. An buɗe mana ƙofar shigowa, da muka shigo kuma kowane zango sai mun sake gabatar da kanmu daga farko, da murmushi, da rusunawa, kamar masu neman bashi. Kuma duk abin da nake nema bai wuce a danna wani maɓalli a injin fotokwafi ba.

Umma ta kira da azahar, na ce mata komai lafiya. Ta ce muryata ba ta ce haka ba. Yaya zai turo kuɗin kati, gobe sai asibiti da asuba kafin layi ya yi tsawo, lakcar ƙarfe takwas kuma ta tafi.

Man kariyar rana ya kusa ƙarewa, kuɗinsa ya sake tashi. Garau-garau da rana, Hajjo ta cika yaji. Karatu yau ko shafi ɗaya.

Na manta ban faɗi ta Sani ba. Malam ya ƙi karɓar takardarsa daga hannuna, ya ce sai mai ita ya zo da kansa ya sa hannu a gabansa. Na ce a keken guragu yake, yana ƙasan bene yana jira. Ya ce yanzu yana da mitin, a dawo Alhamis. Ita waccan dokar shekara 5 ta ba gine-ginen jama'a su gyara hanyar shiga, wa'adin ya cika tun farkon 2024, matakalarmu kuwa tana nan yadda take.

Da na sauko na gaya wa Sani, sai ya kwashe da dariya. Ya ce in gaya wa su Bashir su ci abinci sosai ranar Alhamis, su huɗu yake buƙata, kuma wannan karon kada wanda ya riƙe shi ta wuyan riga.