Abin da zan gaya wa masu shigowa bayana

A ƙarshen watan nan zan bar ofishin. Duk wanda ya yi aiki a wurin da ke iƙirarin kare haƙƙin talaka a Kaduna ya san akwai fayil ɗin da ake ɗorawa a sama, akwai wanda ake turawa ƙarƙashin tebur.

Na wata tsohuwa 'yar Rigasa ne ya tsaya mini a rai. Ɗanta ya ci bashin wani ɗan kasuwa ya gudu, sai aka tsare ta a madadinsa. Jikarta ce ta zo mana, riƙe da kwanon tuwo ɗaure a ɗankwali, an hana ta miƙawa sai ta ba da na goro. Doka ba ta ɓoye komai ba: sashe na 36 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya haramta kama wani a madadin wani, sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 kuma ya ce a kai wanda aka kama gaban alƙali cikin kwana ɗaya, muddin akwai kotu a tazarar kilomita 40. Bashi ma ba laifin da ake kulle mutum a kansa ba ne.

Na ce wa Oga, "Ranka ya daɗe, wasiƙa ɗaya ta isa a sake ta." Ko kai bai ɗaga ba. Ya ce mai bin bashin mutuminsa ne, in bar maganar, in je in shirya hotuna domin masu ba mu tallafi suna tafe ranar Alhamis. Ranar Alhamis ɗin shi ne ya tsaya gaban baƙi yana jawabi a kan daidaito a gaban doka, har da tafi.

Da aka tashi aiki na hau Keke na je caji ofis da sunana, ba da sunan ofis ba. Bayan isha'i Inna ta fito, ko sisi ba a biya ba. Washegari aka ba ni takardar gargaɗi, wai na tsallake shugaba. Tana nan a fayil ɗina, ban kuma nemi a cire ta ba.

Sauran darussan gajeru ne. Ku rubuta ainihin lokacin da aka kama mutum kafin komai. Ku yi wa dangi bayanin doka da Hausa, ku nanata musu beli kyauta ne. Ku girmama magatakardan kotu. In shugaba ya ce ku ajiye wani fayil, ku nemi ya rubuta ya sa hannu.