Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Zauren da ya gagari kyamara

A makon jiya na tsaya ne a inda maigidana ya ɗauke ni daga hoton fasfo da na biki, ya haɗa ni da wani malamin zanen gine-gine. Malamin yana neman hotunan tsofaffin zaurukan ƙasa na cikin birnin Zariya, irin aikin zuriyar Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na garin a ƙarni na 19.

Duk wanda ya taɓa shiga zaure da tsakar rana ya san abin da zan faɗa. Ciki sanyi da duhu, bakin ƙofa kuwa rana ƙwal. Ido ba ruwansa, yana ganin bakan gizon da ya tokare rufi, yana kuma ganin mai tallan da ke wucewa a waje. Kyamara ba ta iya haɗa biyun. In na buɗe mata don zanen bango ya fito, ƙofa ta zama fari fat. In na rage don titi ya fito, zauren ya koma baƙi ƙirin.

Malamin ne ya nuna mini mafita. Muka kafa kyamara a kan sandarta mai ƙafa uku, ya ce kada in taɓa girman kafar gilashi, tsawon lokacin da haske ke shiga kawai zan riƙa sauyawa. Na ɗauki ɗaya a 1/250 na daƙiƙa saboda hasken waje, ɗaya a 1/60, ɗaya a 1/15 saboda lunguna, kowanne haskensa kusan ninki huɗu na wanda ya gabace shi. Zauren da duhunsa ya yi yawa sai mu ɗauki biyar, duka a tsarin RAW, wato ɗanyen hoto da kyamara ba ta sarrafa ba.

Da dare, bayan an tayar da janareta, muka ɗora su a kwamfuta. Tun 2005 Photoshop CS2 ya zo da hanyar haɗa irin waɗannan hotuna su zama guda, abin da ake kira HDR, amma shi malamin ya fi son Photomatix. Manhajar tana tsintar titi daga hoto mai duhu, ta tsinci rufi daga mai haske, sannan a matse tazarar da ke tsakanin haske da duhu ta dawo daidai ƙarfin allo ko takarda. Dabarar ma ba sabuwa ba ce. Tun shekarun 1850 wani Bafaranshe, Gustave Le Gray, yake ɗaukar sama daban, teku daban, ya haɗa su wajen wanki.

Abin da ya ba mu dariya shi ne hoton dattijon gidan. Ya zauna a kan buzu bai motsa ba, amma hannunsa bai daina jan carbi ba, sai ga shi da hannun dama uku, kowanne dishi-dishi. Washegari na ce, “Baba, a yi haƙuri a ɗan riƙe carbin.” Ya ce, “Yaro, kai dai riƙe naka aikin.” Dole muka zaɓi hannun daga hoto ɗaya muka shafe sauran.

A wajen matse hasken ne ake gane mai hankali. Lokacin ana yayin murɗa shi har ƙarshe: gefen ƙofa ya yi wani farin zobe, bangon jar ƙasa ya fito kamar an shafa masa toka da man ja. Abokaina na situdiyo suna ta yabon irin wannan, ni kuwa har yau ba na ƙaunarsa. Maginin da ya yi zaure da gangan ya bar shi da duhu, don baƙo ya huta daga rana, don kuma na waje kada ya leƙa cikin gida. Saboda haka nakan buɗe inuwa daidai yadda za a ga zanen dagi a bango, in bar sauran duhun a wurinsa.

Malamin ya biya mu a ranar da ya karɓi aikin. Yadda aka raba kuɗin tsakanina da maigidana kuwa, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.