Ranar da Na Zagaya Lambun Stourhead a Baibai

A watan Oktoba na je Stourhead, wani tsohon gidan attajirai da ke karkarar Wiltshire a kudu maso yammacin Ingila, lokacin da ganyayen itatuwa suka rine suka koma ja da ruwan ɗorawa. Da na hango tafkin da ke tsakiyar kwarin, ban yi shakkar cewa haka Allah Ya halicce shi ba, domin babu alamar hannun mutum a gaɓarsa. Ashe Henry Hoare na biyu, wanda ya gaji banki a Landan, shi ne ya sa aka datse ruwan kogin Stour a shekarun 1750, bayan ya fara tsara lambun tun wajen 1741 da taimakon magini Henry Flitcroft.

Kuskurena shi ne gaggawa. Na ƙi duba taswirar da aka ba ni a ƙofa, na bi hanya tafkin yana hannuna na dama, na riƙa cin karo da gine-gine ta bayansu, har na fara ganin kamar an zuzuta wurin fiye da kima. Sai da wata dattijuwa mai aikin sa-kai ta ga ina ta waige-waige, ta bayyana mini cewa an shirya hanyar ne a bi ta tafkin yana hannun hagu, saboda kowace kwana tana ɓoye wani abu ne don ta fito da shi a daidai lokacinsa.

Duk da ƙafafuna sun gaji, na sake zagayen daga farko, kuma a nan ne lambun ya buɗe mini. Daga ɗan haikalin Flora, gunkiyar furanni ta Romawa, sai ga ginin Pantheon can a tsallaken ruwa, mai kama da na birnin Roma, ya bayyana, itatuwa suka rufe shi, ya sake fitowa ya fi kusa. Hanyar ta gangara da ni cikin wani kogo da aka gina da duwatsu, mai sanyi da duhu, inda ruwan marmaro ke zuba a ƙarƙashin gunkin wata mace mai barci. Na durƙusa a bakin wata ƙofa da ke daf da fuskar ruwa, na hango wata gadar dutse mai baki biyar da cocin ƙauyen Stourton a bayanta, kamar hoto a cikin firam.

Tun daga ranar, idan na shiga irin wannan lambu, tambayata ta farko ita ce ta inda mai shi ya so a fara. Iyalan Hoare sun miƙa gidan ga ƙungiyar National Trust, mai kula da wuraren tarihi, a 1946, bayan ɗansu tilo ya rasu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma har yau masu kula da wurin suna sassabe rassan da suka fara tare waɗannan hange-hangen.