Ƙyalli ko tudu: abin da aikin kwali ya koya mini a Yamai

Mafi yawan masu kawo mana aikin kwali a maɗaba'a sun riga sun yanke shawara tun daga gida: zinari suke so. Mai turaren wuta, mai man kaɗanya, mai garin zogale, mai dabinon azumi, kowa cewa yake a sa masa sunansa da ruwan zinari. Ba laifinsu ba ne. Mun tashi muna ganin bangon Alƙur'ani da zanen zinari, katin aure ma in ba ya walƙiya sai a ce iyayen amarya sun yi ƙwauro. Shi ya sa idan na fito da samfurin da babu ƙyalli a jikinsa, sai rubutun da ya yi tudu a kan takarda, akan juya shi gaba da baya a ce, "To ina adon?"

A wurin aiki ƙyallin muna ce masa dorir, tudun kuma gofraj. Shi dorir babu ko ƙwayar zinari a cikinsa. Leda ce siririya mai zuwa a naɗe, an shafa mata launi, an bi da alminiyom mai ɗan karen laushi, sannan gam a ƙasa. Launin rawaya a kan alminiyom shi ke ba da kamar zinari, in babu launin sai ya fito kamar azurfa. Ana sassaƙa suna ko tambari a jikin hatimin ƙarfe, a ɗaura shi a inji, a gasa shi ya ɗan haura digiri 100, ya danna ledar a kan kwali. Inda hatimin ya taɓa ƙyalli ya manne, sauran ledar ta wuce. Abu uku ke riƙe da aikin: zafi, ƙarfin dannawa, da daɗewar hatimi a kan takarda. Ɗaya ya kauce, ko dai ƙyallin ya ƙi kamawa ko ya malala ya cike rubutun.

Gofraj kuwa ba ya buƙatar tawada ko leda. Hatimi biyu ne, mace da namiji, a sa takarda tsakani a matse, ta miƙe ta ɗauki siffar zanen. Dukawan cibiyar masu sana'ar hannu ta Wadata da na gidan tarihi na Boubou Hama sun daɗe suna danna ƙarfe a jikin fata su fitar da zane, tun kafin injinmu na Heidelberg ya bar Jamus. Injin nan kuma ya girmi duk wanda ke aiki a kansa.

Babban abin da na koya shi ne tambayar da ake fara yi. Ba na tambayar mai kaya wanne ya fi burge shi. Ina tambayarsa inda kayan za su zauna, da wanda zai taɓa su kafin mai saye. Ƙyalli na ido ne, ana hango shi daga bakin kanti. Tudu na hannu ne, sai an ɗauki kwalin ake sanin yana nan, kuma a ƙarƙashin fitilar da ke haskowa daga sama kusan ɓacewa yake, don ba ya yin inuwa sai haske ya zo masa ta gefe. Kayan da za a jera a Babbar Kasuwa cikin ɗaruruwan irinsu, ko a kan teburin baje koli irin na SAFEM, wato baje kolin sana'o'in hannu na mata, inda mutane ke wucewa suna waige, ƙyalli ya fi yi musu aiki. Kayan da ake miƙa wa mutum hannu da hannu, kamar turare mai tsada ko tsarabar biki, nan tudu ke nuna kansa.

Wata Hajiya mai man kaɗanya ta taɓa kawo aikin kwali, tana son babban fure na zinari ya rufe murfin gaba ɗaya. Na ce, "Hajiya, wa ke cika miki man a gwangwani?" Ta ce yaranta ne. Na ce, "Da hannun da suka cika da shi suke naɗe kwalin?" Ta yi dariya ta ce, "Kai ɗan nan, da wane hannun kuma?" Na ɗauko gutsuren kwali mai faffaɗan ƙyalli na miƙa mata, na ce ta dangwala yatsa. Shatin yatsan ya zauna daram, ta goge da gefen mayafi, sai ya zama dabbare. Daga nan magana ta sauya: sunanta kawai aka yi da ƙyalli, furen aka tayar da shi tudu, kwalin kuma aka yi masa rufin leda marar sheƙi don maiƙo. Faffaɗan ƙyalli ma dama yana da wata matsalar tun a inji, iska kan maƙale a ƙarƙashin ledar ta bar ƴan ramuka farare a tsakiya.

Yanayin garin nan kuma yana da bakin magana. Da hunturu takarda kan bushe ƙayau, in ka matse ta da zurfi sai gefen rubutun ya tsage kamar faso a diddige, musamman kwali mai santsi da aka riga aka buga wa launi mai duhu, don farin cikinsa ke leƙowa ta tsagar. Dole a rage zurfin hatimi, a kuma bar kwalin a naɗe cikin ledarsa har lokacin aiki. Ƙura ita ce abokiyar gabar dorir, ƙwaya ɗaya ta faɗa a kan takarda ta bar tabo. Ɗauke wuta ma ya fi cutar da shi: hatimi ya huce, a jira ya sake ɗaukar zafi, kwalayen farko bayan dawowar wuta sau da yawa na kwandon shara ne. Ga wanda ke son tudu mai kyau, ina ba da shawarar kwali mai kauri, mai nauyin giram 300 zuwa 350 a kowace murabba'in mita, marar santsi sosai. Takarda marar kauri ba ta riƙe siffa, kuma a tuna duk abin da ya yi tudu a gaba ya yi rami a baya, don haka kada a shirya rubutu a bayan wurin.

Sai hanya. Kayan da za a loda a mota daga Yamai zuwa Tawa, ta Doso da Dogondutsi da Birnin Ƙonni, tafiyar sama da kilomita 500 ce, a danne su da buhuna, a ɗaure da igiya. Tudu mai tsayi yakan kwanta ko kansa ya goge, ƙyalli kuma yakan karce in kwalaye suna gugar juna. Ga irin wannan na fi son a juya gofraj ɗin ya zama rami maimakon tudu, don abin da ya nutse cikin takarda ba ya guguwa.

Wanda ke ganin tudu ado ne kawai, ya shiga farmasi ya shafa kwalin maganin da ya zo daga Faransa. Ƴan ɗige-ɗigen nan da ke jikinsa rubutun makafi ne na Braille, gofraj ne tsantsa, kuma dokar Tarayyar Turai ta 2004 ce ta wajabta rubuta sunan magani da shi. Da su nake nuna wa sababbin yaran aiki yadda tudu mai tsafta yake: kowane ɗigo tsayinsa ɗaya, babu wanda ya fashe.

Ƙananan haruffa na ba mu wahala a duka biyun, amma dorir ya fi. Lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ takan cike ta koma gudaji, haka ɗigogin rubutun Larabci da na ajami sukan haɗe da juna. Lambar waya, kayan haɗi da ranar lalacewa, waɗannan na tawada ne, ba na yarda a taɓa su da hatimi.

Kuɗi shi ke raba gardama a ƙarshe. Hatimi sau ɗaya ake biyansa, ko kwali nawa za a buga. A ce ya ci jaka hamsin, wato sefa 50,000 (dala ɗaya sefa biyar ce): a kwali 500 kowanne ya ɗauki dala ashirin, a kwali 5,000 dala biyu kacal. Dorir yana ƙara kuɗin leda a kan kowane kwali, gofraj yana buƙatar hatimi biyu amma ba ya cin komai bayan haka. Haɗa su a wuri guda, ƙyalli mai tudu, shi ya fi kowanne kyau da tsada, kuma in an bi da shi inji sau biyu, kaucewar rabin milimita ma ido na kamawa. Tun da kaya suka koma biyowa ta Lome da Burkina bayan rufe iyakar Benin a 2023, ledar da ta ƙare ba a ce ga ranar zuwanta, don haka kafin na yi wa kowa alkawarin wani launi sai na duba abin da ke cikin sito.

Mai ƙaramin aiki, katin aure ɗari ko tambarin gwaji na sabuwar sana'a, ba na barin sa ya sayi hatimi. Akwai ledar da ke kama tawadar injin leza: a buga sunan da baƙi, a shimfiɗa ledar a kai, a bi da shi ta na'urar zafi, ƙyalli ya manne inda baƙin yake. Ba ya nutsewa cikin takarda kamar na hatimi, kuma sai takarda mai santsi yake kamawa da kyau, amma ya isa mutum ya gwada kasuwa. In kayan sun karɓu ya dawo, mu zauna mu yi lissafin ƙarfe.